SANNU BA TA HANA ZUWA: Yadda Ayari Ke Shirin Hawan Dutsen Kilimanjaro

A garin Moshi da ke arewa maso gabashin ƙasar Tanzaniya, idan gari ya waye babu gajimare, duk wanda ya ɗaga kai ya dubi arewa zai hangi wani ƙasaitaccen dutse ya tokare sararin sama, kansa fari fat da ƙanƙara. Wannan shi ne Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a nahiyar Afirka, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 5,895, watau ƙafa 19,341, bisa doron teku. Kowace shekara dubun dubatar mutane daga sassan duniya sukan yi ayari-ayari su nufe shi, su shafe kwana shida ko bakwai ko takwas suna tafiya a ƙasa, suna kwana cikin tanti, suna bin jagorori 'yan ƙasar waɗanda suka san dutsen ciki da bai.

To, amma fa ba duk wanda ya kama hanya ne ke isa ba. Da yawa sukan juyo daga tsakiyar hanya, waɗansu da ƙafarsu, waɗansu kuwa sai an ɗauko su, kuma kusan kowace shekara akan yi asarar rayuka. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan al'amuran da ke raba wanda ya isa da wanda ya juyo, tun mutum yana gidansa yake yanke su, watanni kafin ya ga dutsen da idonsa: kwana nawa ya ware wa tafiyar, wa ya zaɓa ya ja shi, me likita ya gaya masa, me kuma ya zuba cikin jakarsa. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana.

DUTSEN DA TARIHINSA

Kilimanjaro tsohon dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da lafawa. Kawuna uku gare shi, watau Kibo, wanda shi ne mafi tsawo, da Mawenzi mai mita 5,149, da kuma Shira wanda ya rufta tun zamanin da. A gindinsa mutanen ƙabilar Chagga suke zaune suna noman ayaba da gahawa, kuma daga cikinsu ne aka samu da yawa daga jagorori da 'yan dakon da ke aiki a dutsen.

A watan Mayu na shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Johannes Rebmann ya hango dutsen, ya aika Turai da labarin cewa ya ga ƙanƙara a tsakiyar ƙasar zafi. Waɗansu masanan Ingila suka ƙaryata shi, suka ce abin ba zai yiwu ba. Sai bayan shekara 41 aka sami waɗanda tarihi ya rubuta sun taka ƙololuwar, su ne Hans Meyer na Jamus da Ludwig Purtscheller na Ostiriya, ran 6 ga watan Oktoba, 1889.

Labarin Meyer kansa darasi ne ga mai shirin tafiya, domin sau uku ya ɗaura niyya. A 1887 ya hau har ya kai bakin ƙanƙara, amma ba shi da kayan da zai ratsa ta, dole ya juyo. A 1888 ko gindin dutsen bai kai ba, saboda tawayen da Abushiri ya jagoranta a gaɓar teku ya rutsa da shi, aka kama shi, sai da aka biya fansa. A karo na uku ya zo da gwanin hawan dutse, ya kuma kakkafa zango-zango a jikin dutsen, 'yan dako suna kai abinci daga wannan zango zuwa wancan. Wannan tsari na zango bayan zango shi ne ake bi har yau.

Lokacin da Tanganyika ta sami mulkin kai a watan Disamba na 1961, wani hafsan soja, Laftanar Alexander Nyirenda, ya kai tutar ƙasar da wutar 'yanci can bisa, ƙololuwar da yanzu ake kira Uhuru, watau 'yanci da harshen Suwahili. A 1973 aka mai da dutsen gandun daji na ƙasa, a 1987 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya. Ƙanƙarar nan da Rebmann ya gani kuwa tana ta raguwa, domin tsakanin 1912 da 2007 kimanin kashi 85 cikin ɗari nata ya ɓace.

YADDA AYARIN YAKE

Dokar gandun ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba. Dole ne mai hawa ya bi ta hannun kamfani mai lasisi, tare da jagora wanda hukuma ta amince da shi. Saboda haka duk wanda ya yi niyya, cikin ayari zai shiga, ko ya haɗa nasa da abokai, ko kuwa kamfani ya haɗa shi da baƙin da bai taɓa gani ba. Yaron da bai kai shekara goma ba, ba a ba shi izinin zuwa ƙololuwa.

A kan ayarin akwai babban jagora, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe a bisa dutse. Yana da mataimaka waɗanda ke tafiya a tsakiya da kuma bayan ayari, don kada wani ya saki layi, don kuma a sami mai raka wanda ya gaza zuwa ƙasa ba tare da an tsai da saura ba. Akwai kuku, sa'an nan akwai 'yan dako, waɗanda su ne mafi yawa. Galibi kowane mai hawa ɗaya akwai ma'aikata uku ko huɗu da ke ɗawainiya da shi, ta yadda ayarin baƙi goma yakan tashi da ma'aikata talatin ko fiye.

Da safe, bayan baƙi sun karya kumallo sun kama hanya, 'yan dako ne ke tsayawa su naɗe tantuna, su ɗaure kaya, su ɗora a ka. Kafin rana ta take sun cim ma baƙin sun wuce su, kafin kuma baƙin su isa zango na gaba sun kafa tantuna, sun ɗebo ruwa daga rafi, kuku ya aza tukunya. An hana hura wutar itace a dutsen, da murhun gas ake girki. Wanda ya tuna gobarar da ta shafe kwanaki tana cin jikin dutsen a watan Oktoba na 2020 ba zai ga an tsananta ba.

ZAƁEN HANYA DA YAWAN KWANAKI

Hanyoyin hawa suna da dama. Marangu ita kaɗai ce ake kwana cikin ɗakunan da aka gina, ana kuma yin ta cikin kwana biyar ko shida. Sauran duk tanti ake kwana. Akwai Machame ta kwana shida ko bakwai, da Lemosho ta kwana bakwai ko takwas wadda ke tasowa daga yamma, da Rongai wadda ke tasowa daga arewa wajen iyakar Kenya, da Umbwe, gajera mai tsananin tsayi wadda ba ta dace da sabon shiga ba.

Alal misali, ga yadda Machame ta kwana bakwai take, wadda tsawonta hawa da sauka ya kai kimanin kilomita 60. Ranar farko ana tashi daga ƙofar gandu, a wajen mita 1,800, a ratsa kurmi mai duhu da laima da birai, a kwana a wajen mita 3,000. Mai karatu ya lura: wannan zango na farko ya riga ya ɗara duk wani wuri da ke Nijeriya tsawo, domin Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419 ne. Rana ta biyu kurmi ya ƙare, an shiga ƙasar gajerun itatuwa da hazo, a kwana a Shira, wajen mita 3,800. Rana ta uku akan hau har wani tsunin dutse da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, sa'an nan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa kaɗan da mita 4,000. Rana ta huɗu akan hau bangon Barranco, inda sai an haɗa da dafa dutse da hannu, a kwana a Karanga. Rana ta biyar a isa Barafu, kusan mita 4,700, fako tsantsa babu ko ciyawa. Daga nan ake tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa.

Mai yin wannan hanya cikin kwana shida, zangon Karanga yake tsallakewa, ya rage kuɗin kwana ɗaya. Wannan kwana ɗayan kuwa sau da yawa shi ne jiki yake bukata don ya saba da wurin. Masu shirya tafiyar sun daɗe da lura cewa gwargwadon yawan kwanakin ayari, gwargwadon yawan waɗanda ke isa daga cikinsa. Wanda zai rage kashe kuɗi, gara ya rage a masauki ko tsaraba da ya rage a kwanakin dutse.

Sai kuma lokaci. Ruwan sama mai yawa yakan sauka daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, akwai kuma ɗan gajeren damina a wajen Nuwamba. Watannin da aka fi so su ne Janairu da Fabrairu, da kuma daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba.

CIWON TSAUNI

A hanyoyin da aka saba bi, ba a bukatar igiya ko wata gwaninta ta hawan dutse, tafiya ce kurum. Wannan sauƙi shi ke ruɗar mutane, alhali kuwa abokin gabar yana cikin iskar da ake shaƙa. Gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda iska ke yin shara-shara, har a ƙololuwar Kilimanjaro oksijin ɗin da ke shiga ƙirji a kowane numfashi bai wuce kimanin rabin wanda mutumin Legas ke shaƙa ba. Jiki yana iya sabawa, ta hanyar yawaita numfashi da waɗansu canje-canje cikin jini, amma sai an ba shi kwanaki.

Idan aka yi masa gaggawa sai ciwon tsauni ya taso. Alamunsa na farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri, kasala da rashin barci. Mafi yawan masu hawa sukan ɗanɗani wani abu daga cikin waɗannan, kuma sau da yawa hutu da shan ruwa sukan kawo sauƙi. Amma akwai mataki biyu masu kisa. Na ɗaya shi ne ruwa ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, da tari, wani lokaci da kumfa mai jini-jini. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, magana ta rikice, hankali ya gushe. Babban maganin duka biyun guda ne: a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Likitocin da suka ƙware kan wannan fanni suna ba da shawarar cewa bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma riƙa hutun yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Yawancin hanyoyin Kilimanjaro sun fi haka sauri. Shi ya sa jagorori ke tsara a hau sama da rana a gangaro a kwana, shi ya sa kuma kalmar da baƙo zai fi ji a bakinsu ita ce pole pole, watau sannu sannu.

Kada kuma wani ya dogara da ƙarfinsa. A watan Disamba na 2010 Martina Navratilova, wadda ta ci gasar tanis ta Wimbledon sau tara, ta hau dutsen nan don tara kuɗin taimako, ruwa ya taru mata a huhu, sai ɗauko ta aka yi aka kai ta asibiti a Nairobi. A 2019 kuwa wata dattijuwa 'yar Amurka, Anne Lorimor, ta kai ƙololuwa tana da shekara 89. Samari masu ji da ƙarfi sukan faɗa tarko saboda sauri da kuma jin kunyar faɗin cewa ba su da lafiya. Jagorori da yawa sukan auna bugun zuciya da oksijin ɗin jini safe da yamma da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, su yi tambayoyi. Wanda ya ɓoye wa jagora ciwonsa, ransa ya sa a caca.

GANIN LIKITA

Wata uku ko huɗu kafin tafiya ya kamata mai niyya ya je wurin likita, ya gaya masa ainihin inda za shi da tsawon wurin. Mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, da mace mai juna biyu, kowannensu yana bukatar shawara ta musamman.

Akwai wata magana kuma da ta shafi mutanen ƙasar nan fiye da yawancin baƙin da ke zuwa dutsen, ita ce ta sikila, wadda aka sani da amosanin jini. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa su ne ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe jijiyoyi, ga shi kuwa duka ukun suna jiran mutum a bisa dutse. Mai cutar sosai, wannan tafiya ba tasa ba ce. Ban da shi, kimanin mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon cutar, watau rukunin jini na AS, kuma yawancinsu lafiyarsu lau. Amma likitoci sun tabbatar cewa a wurare masu tsawo irin wannan jini yana iya toshewa a saifar mai AS, ya ji matsanancin ciwo a gefen hagu na cikinsa. Don haka kowa ya san rukunin jininsa kafin ya biya kuɗi, mai AS ya nemi shawarar likita, ya kuma sanar da jagora.

Akwai ƙwayar magani mai suna Diamox wadda ke taimaka wa jiki ya saba da wuri mai tsawo. Takan sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma likita ne zai ce a sha ko kada a sha. Ba ta zama hujjar yin sauri ba. Har ila yau, ko da yake babu sauro a can bisa, akwai shi a Moshi da Arusha, saboda haka a tambayi likita kan rigakafin zazzaɓi.

HORAR DA JIKI DA HAƊA KAYA

Horon da ya fi dacewa shi ne irin aikin da za a yi, watau doguwar tafiya a ƙasa. A fara tun da saura wata uku, sau uku ko huɗu a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har mutum ya iya tafiyar awa biyar ko shida da jaka a baya, ya kwana, gobe ya sake. Wanda ke kusa da duwatsu ya hau su ya sauka, wanda ba shi da su ya nemi matakalar bene. Kada a manta da gangara, don ita ce ke cin gwiwa. Wanda bai taɓa kwana cikin tanti ba, ya gwada ko da dare ɗaya ne.

A wannan horo ne za a sa takalmin da za a tafi da shi, mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga. Sabon takalmi a bisa dutse bororo yake jawowa, bororo kuwa ya isa ya hana ƙato tafiya.

Game da tufafi, mutum zai tashi daga zafin Moshi ya ƙare inda ruwa ke daskarewa cikin gora, domin kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri shida. A daren hawan ƙarshe sanyi yana iya kai digiri 10 ko 20 ƙasa da sifiri, abin da hunturun Jos ko kusa bai kai ba. Dabarar ita ce sa riguna a kan riguna: ta ciki mai tsane gumi, ta tsakiya ta ulu mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. A guji auduga a jikin fata, don idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa da wuri, sai ta koma sanyi. Sai safar hannu mai kauri, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar ƙafa ta ulu, da jakar barci wadda aka yi domin tsananin sanyi, da baƙin tabarau da man kare fata saboda ƙarfin rana a can sama, da tocilan ta goshi da ƙarin batir, wanda za a ajiye a jiki domin sanyi yana kashe shi. Da yawa daga cikin kayan nan ana samun hayarsu a Moshi ko Arusha, amma a duba su da kyau kafin a karɓa.

Jaka biyu ake yi. Babbar, wadda ɗan dako zai ɗauka, kamfanoni sukan ce kada ta wuce kilo 15. Ƙaramar kuwa tana bayan mai ita, cikinta da ruwa, da rigar ruwa, da magani, da ɗan abin taɓawa irin su dabino da gyaɗa. Ana so mutum ya sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini. Tun ran 1 ga Yuni, 2019, Tanzaniya ta haramta jakar leda, kuma ba a yarda a hau dutsen da robar ruwa irin wadda ake sha a yar ba, sai gora mai ƙwari.

TAKARDU, KUƊI DA HAƘƘIN 'YAN DAKO

Ana bukatar fasfo mai sauran wa'adi na aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Biza kuwa a neme ta tun da wuri, kada a bari sai an sauka. Filin jirgin saman Kilimanjaro yana tsakanin Moshi da Arusha, daga Nijeriya akan bi ta Addis Ababa ko Nairobi. A sayi inshorar da ta ambaci hawan dutse har mita 6,000 ƙarara, tare da kuɗin ɗauko majinyaci.

Tafiyar tana da tsada, kuma ga dalili. A ƙa'idar shekarar 2023, baƙon da ba ɗan Afirka ta Gabas ba yana biyan hukumar gandu dala 70 kowace rana, da dala 50 kowane dare na kafa tanti, da dala 20 na ceto, ban da haraji kashi 18 cikin ɗari. A tafiyar kwana bakwai wannan kaɗai ya haura dala 950, tun ba a zo kan abinci da mota da tanti da albashin ma'aikata ba. Idan kamfani ya zo da farashin da ya ɗara wannan da kaɗan, to, a tambayi kai daga ina zai cike gurbin. Kuɗin hukuma ba ya raguwa, saboda haka daga cikin ɗan dako da aljihunsa ake cirewa. Araha ba ta ado.

Doka ta ƙayyade cewa kada kayan baƙi da ɗan dako zai ɗauka su wuce kilo 20, ana kuma auna su a ƙofa. Duk da haka an sha samun 'yan dako suna hawa da yagaggen takalmi, suna cin abinci sau ɗaya a yini, har waɗansu sanyi ya yi ajalinsu. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar KPAP a Moshi a 2003, wadda ke ba 'yan dako aron tufafi, tana kuma sa ido kan kamfanonin da suka yarda a bincike su. Kafin mutum ya biya, ya tambaya: nawa ake biyan ɗan dako a yini, sau nawa yake cin abinci, mutum nawa ke kwana a tanti guda, akwai tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana, mataimakan jagora nawa ne? Tukwicin da akan bayar ranar sauka ya zama al'ada, ma'aikata sun dogara da shi ƙwarai. A ware shi tun daga gida, a kuma sanar da adadinsa a gaban kowa don ya isa hannun masu shi.

KWANAKIN JIRA

Idan rana ta matso, zumuɗi da fargaba sukan haɗu su hana barci. Mutum ya kwance jaka ya sake ɗaurewa, ya yi ta tunanin ko shi ne zai zama na baya. Abin da ya fi amfani a makon ƙarshe shi ne a sassauta horo, a sami barci, a bar wa iyali sunan kamfani da tsarin kwanaki, a kuma gaya musu cewa waya ba ta samuwa a ko'ina, don kada shiru ya tayar musu da hankali. Ya kyautu a isa Moshi da kwana biyu a hannu, saboda gajiyar jirgi da kuma jakar da kan yi lattin isowa. Takalmi da rigar sanyi kuwa a shiga jirgi da su.

Musulmin da ke cikin ayari ya gaya wa kamfani irin abincin da yake ci tun kafin a yi cefane, ya nemi sanin hukuncin sallar matafiyi da taimama, domin ruwan asuba a Barafu ba abin wasa ba ne. Alƙibla a can tana arewa ne da ɗan karkata gabas, saɓanin yadda aka saba a nan. Saboda yawan ruwan da ake bukatar sha, ya fi kyau a kauce wa watan azumi.

Daren jajibirin tashi jagora yakan tara ayari a masauki, ya duba kayan kowa, ya bayyana tsarin tafiya. A nan ne ya kamata 'yan ayari su yi magana ta gaskiya a tsakaninsu: tafiyar marar sauri ita ce tafiyar kowa, ba gori ga wanda ya juya, idan mata da miji ko abokai biyu suka zo tare, a san tun yanzu ko ɗaya zai bi ɗaya in ya gaza. Irin wannan shawara ba a yanke ta da ƙarfe uku na dare cikin sanyi, lokacin da kai ke sarawa.

DAREN ƘARSHE

Duk wannan shiri domin dare guda ake yinsa. Wajen sha biyun dare akan tashi daga Barafu, a jeru ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ake gani sai hasken tocila da dugadugan na gaba. Hawan mita 1,200 ne cikin tsakuwa mai zamewa, awa shida zuwa takwas. Galibi gari yakan waye ana kusa da bakin ramin dutsen, wurin da ake kira Stella Point, mita 5,756, rana tana ɓullowa ta bayan Mawenzi, gajimare shimfiɗe a ƙasa kamar auduga. Daga nan kimanin awa guda ne zuwa Uhuru. Ba a daɗewa a can, 'yan mintoci ne a ɗauki hoto a juyo, domin akwai gangarar da za ta kai mutum har zangon Mweka, wajen mita 3,100, kafin dare. Yinin yakan ci awa 12 zuwa 15.

A ƙofar fita hukumar gandu tana ba da takardar shaida ga wanda ya kai Uhuru, da wata ga wanda ya tsaya a bakin ramin. Wanda jagora ya ce ya juya, ya kuwa juya, ba shi da takarda, amma ya koma wa iyalinsa da ƙafafunsa, kuma dutsen yana nan inda yake in Allah ya kai rai baɗi. Hans Meyer ma sai a karo na uku ya isa.